Lemun Tsamin da Baba Bai Dasa Ba

Baba ya rasu da hantsi, ranar wata Laraba, ana tsakiyar cirar auduga. Na Allah ne mu duka, wurinsa za mu koma, shi dai ya riga mu ne. Mahaifin maigidana ne, surukina ke nan, amma ban taɓa kiransa da wani suna ban da Baba ba, kuma ba a kan takarda zan fara ba.

Kafin ruwan wanka ya yi ɗumi gida ya cika. Mata suka bar buhunansu a bakin gona suka shigo da ɓurɓushin auduga a ɗankwali. Larabawan ƙauyen da ke hayin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ta raba mu da su, suka yi ta zuwa suna ɗaga hannu ana Fatiha kamar yadda ake yi a nan. A cikinsu har da tsohon gafir, mai gadin ruwa, wanda ya shafe shekaru yana cacar baki da Baba. Ya zauna a gefe ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta yi kuka mai sauti ba. Magana ɗaya take ta maimaitawa ga duk wadda ta durƙusa gabanta, wai ya tafi bai ga Ka'aba ba. Liman ya aiko a gaya mata ta kwantar da hankalinta, wanda ya mutu a kan hanya da niyyarsa Allah ba Ya tauye masa lada. Ta bayan zana kuwa na ji wani saurayi yana tambayar abokinsa ƙasa-ƙasa, wace hanya, mutumin da tun kafin a haifi ubansu yake wuri ɗaya. Na so in leƙa in ga ɗan wane ne, sai na tuna ranar ba ta faɗa ba ce.

Can sai masu haƙa suka aiko a kai itace. Mu har yau ba mu bar al'adar kakanninmu ba, itace muke jerawa a bakin kabari kafin a tura ƙasa, ko da yake maƙwabtanmu tubali suke sawa. To ƙauyenmu fili ne fetal na baƙar ƙasa tsakanin garin Makwar da na Sinja, kogi da nisa, kurmin bakin kogin kuma na hukuma ne, ba a sara. Bishiya ɗaya ce tak a unguwarmu, lemun tsamin da ke ƙofar bukkar Baba. Wani ya ce a sare shi mana, dama ai a nan maigidana zai yi gini, ga jan bulo can an jibge yana jira. Ba wanda ya musa. Na ji an ce wa yara su je madafata su ɗauko gatari.

Na riga su. Na ɗauko gatarin na kwantar a ƙasa, na shimfiɗa tabarma a kai, na zauna na ci gaba da karɓar gaisuwa. Yara suka yi ta birkice mini tukwane. Dalilin da ya sa mace mai furfura ta zauna a kan gatari ranar mutuwar surukinta shi ne abin da nake so a sani game da Baba, kafin waɗanda suka san shi su ƙare.

Yana ƙaramin yaro aka taso da shi daga yamma, cikin ayarin da ya bar ƙasar Hausa bayan Nasara sun ci ta, aka nufi gabas da niyyar Makka. Mahaifiyarsa a hanya ta rasu. Ya ce fuskarta ta ɓace masa, abin da ya rage masa kawai ƙarar ƙwaryarta da ke bugun kayan jaki. Ya girma a nan, ya ɗauki dutse a ka lokacin da ake gina madatsar Makwar, ya ciri audugar mutane, ya yi noma a gonakin da ba nasa ba. Duk da haka bai taɓa yarda cewa ya zauna ba. In ka tambaye shi lafiya, sai ya ce, "Lahiya lau, muna bisa hanya." In aka yi maganar aikin hajji sai ya ce baɗi in Allah Ya so, kuma da gaske yake faɗa.

Saboda haka bai taɓa ɗora ƙasa kan ƙasa da sunan gini ba. A bukkar ciyawa ya rayu, in ta ruɓe ya sake wata. Sandarsa da likkafaninsa suna rataye a ciki, a shirye. Bai kuma taɓa dasa bishiya ba. Dawa, gyaɗa, kuɓewa, duk abin da za a girbe cikin shekara zai shuka, amma ban da abin da zai sa mutum ya jira. Tsofaffinmu da yawa haka suke a lokacin, sai dai shi nasa ya yi yawa. Maigidana ya ba ni labarin yana saurayi ya dasa gwaiba a bayan gida, har ta fara ganye, Baba ya tumɓuke ta ya miƙa wa akuya, ya ce matafiyi ba ya yi wa kansa turke.

Abu ɗaya ya gina da kyau, shi ne rumfar baƙi a bakin hanya, da randa biyu a gabanta. Lokacin da aka kawo ni gidan, shekarun da Turawa ke shirin tafiya, rumfar ba ta rabuwa da mutane. Maniyyata ne daga yamma, wasu a ƙafa, wasu lori ya zubar da su guzuri ya ƙare. Sukan yi kwanaki ko watanni, su ciri auduga su ƙara gaba. Baba yakan zauna da su yana tambayar labarin garuruwan da shi kansa bai sani ba, ko har yanzu ana cin kasuwa a wuri kaza, ko rijiyar da ubansa ke faɗa tana nan. Ni ke dafa musu. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta suruka, ba ya yi mini magana kai tsaye, sai ya aiko jikarsa ta ce, a gaya wa matar gida an yi baƙi. Bai taɓa faɗin ko su nawa ne ba. Na sha ƙunƙuni a madafa kan wannan, Allah Ya yafe mini. Daga baya hanyar ta mutu, masu hali suka koma jirgin sama, iyakoki suka yi tsauri, rumfa ta zama wurin kwanan awaki. Bai fasa share ta kowace safiya ba, yana cika randunan.

A waɗancan shekarun kowa ya san yadda ake kallonmu. Fallata ake ce mana, ko Takari, kuma ba da daɗin baki ake faɗa ba. Ni a nan aka haife ni, uwata ma haka, amma a kasuwar Sinja mai sayar da atamfa zai yi miki murmushi ya tambaye ki yaushe za ku koma garinku. An ce mu muka kawo cuta, mu muke karya farashin ƙwadago, mu ne masu asiri, in abu ya ɓace a nemi kambon Fallata, wato unguwarmu. Baba wannan bai dame shi ba, tunda shi ma ya yarda baƙo ne. Maigidana kuwa abin yana cin ransa. Burinsa ya sami jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, don ya mallaki hawasha da sunansa, wato gonar auduga irin wadda hukuma ke rabawa, yaranmu kuma su shiga makaranta ba tare da roƙo ba. A wannan ina bayansa, har gobe.

Ana haka yaƙi ya yi zafi a duwatsun Habasha, mutane suka fara kwararowa daga gabas. Wata rana da la'asar aka ga mace tsaye a gaban randunan Baba da 'yar yarinya a hannu. Ƙafafunta sun kumbura har sun tsage. Ta ƙetaro ta kan madatsar Makwar, kuma daga baya muka ji ƙauyuka nawa ta tsaya aka ba ta ruwa aka nuna mata gaba. A goshinta akwai zanen gicciye, shuɗi, irin wanda ba ya wankuwa. Mijinta ya mutu a can, an ƙone garinsu. Baba ya dube ta, ya dubi ƙafafun, ya kori awaki ya shimfiɗa tabarma. Sai ga 'yata ta shigo da saƙon da na kwana biyu ban ji ba, wai a gaya wa matar gida an yi baƙi.

Kafin gari ya waye magana ta zagaye ƙauye. Ranar Juma'a bayan an sauko dattawa suka tare Baba a ƙofar masallaci, maigidana yana wurin, shi ya ba ni labari. Suka ce ba su hana a ba ta abinci ba, amma ta ci ta wuce. Suka ce mu da ke zaune a kan ƙasar aro ba mu da ikon saukar da wani, hukuma za ta ce Fallata sun fara ɓoye 'yan gudun hijira. Ɗaya daga cikinsu ya ce rumfar nan ai ta baƙin Allah ce, masu zuwa ɗakinsa, ba ta kowa da kowa ba.

Baba ya ce, "To wagga kuma baƙuwar wa ce? Akwai wani mai baƙi ban da Shi?"

Ba wanda ya sauya ra'ayi. Kowa ya saka takalminsa ya tafi.

Ta zauna. Ƙafa ta warke, ta shiga gona tare da mu, layinta kusa da nawa. Hannunta da sauri, ba ta da surutu, Larabcinta guntu-guntu ne, Hausa kuwa sai sannu da na gode. 'Yarta ce ta kwashe Hausa cikin 'yan watanni, ita da 'yata suka zama kamar tagwaye, har faɗansu da Hausa suke yi. Mata kuwa ba su sake da ita ba. Aka ware mata moɗa a bakin randa. In ta wuce sai a ce irinsu ne ke kawo cuta, su ne za su karya mana farashin cira, a riƙa kula da kaji. Na tsaya ina saurare wata rana sai na ji ashe kalmomin na san su sarai. Su ne waɗanda ake jifanmu da su a kasuwa, muka tsince su muka kawo gida, ko ƙurarsu ba mu kaɗe ba muka jefi wata da su. Na faɗa musu haka a bakin tur'a, da kalmomin da suka fi waɗannan zafi. Gwaggo ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata.

Baƙuwar ba ta da abin da za ta saka wa Baba da shi sai jabana, gahawar nan mai ɗaci da citta. Kullum da yamma sai ta soya 'ya'yan, ta daka, ta dafa, ta kai masa a ɗan finjali. Baba mutumin kunu ne da fura, ya tsani ɗaci. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya rufe ido ya shanye, ya ce mata kwayyis, madalla. In ta juya baya ya yamutsa fuska ya ce wa jikarsa, "Maza kawo min ruwa, matar ga za ta kashe ni da alheri." Bai taɓa mayar da finjalin da saura ba.

Da damina ta faɗi ta je aikin yini a wani lambu kusa da kogi, ta dawo da ɗan tsiron lemun tsami a cikin gwangwanin madara. Baba yana masallaci ta haƙa rami a ƙofar bukkarsa ta dasa. Ba ta san komai game da shi da bishiya ba, wa zai gaya mata? Unguwa kuwa kowa ya sani. Mata suka jeru a bayan zana suna jiran a ga akuyar da za ta yi sa'a. Ya dawo ya tsaya a kan tsiron, ya daɗe. Ta matso tana nuni da hannu, tana haɗa Larabcin da take da shi, cewa a ƙofar gidanta akwai irinsa, babba, tare da gidan ya ƙone. Baba ya gyara tsayuwar sandarsa, ya kewaye tsiron ya shiga bukka.

Gwaggo ta bi shi ta tambaye shi ko tsufa ne ya fara taɓa shi. Ina jin amsarsa daga madafa. Ya ce, "Ni da niyya anka baro gida da ni, kuma ina da inda za ni. Ita korar ta anka yi, ba ta da inda za ta. Bar ta ta kafa wani abu."

Ba a bar ta ba. Neman jinsiyya yana buƙatar shaidu, kuma shehun ƙauyen hayi shi ne ya yi wa maigidana alkawarin tsaya masa. Sai ya fara ja da baya. Ya ce mutanensa suna magana, wai ku da ba ku gama zama ba har kun fara jawo Habashawa, gobe kuma su wa za ku kawo. Dattawanmu suka koma kan maigidana, tunda uban ya gagare su. Kullum da maganar da za a kawo masa, har ya daina cin abinci sosai. Wata safiya ya sa farar jallabiyarsa, ya je ya durƙusa a ƙofar bukka. Bai yi a ɓoye ba, wannan shaidar zan ba shi ko a gaban wa.

Ya ce, "Baba, Sinja za ni, in gaya ma hukuma akwai 'yar gudun hijira nan. An ce suna da sansani can gabas, da abinci da likita. Kai kana bisa hanya, ni nan anka haihe ni, nan ɗiyana za su tsuhwa. Ka yi min ma'alesh, ka yi haƙuri."

Baba bai ɗaga murya ba. Maigidana ɗan fari ne, Baba ba ya kiran sunansa, yaron ga yake ce masa har ya yi furfura. Ya ce, "Yaron ga, tahi. Amma ka sani, abin da anka daɗe ana ce muna, shi za ka je ka ce mata."

Ya tafi. Bai yi mata ƙarya ba, bai ƙara komai ba. Bayan 'yan makonni lori ya zo da safe, da wani ma'aikaci mai ladabi da ɗan sanda guda, akwai wasu Habashawan a baya da aka kwaso daga wasu ƙauyuka. Ba a daki kowa ba, ba a zagi kowa ba, wannan ma ya ƙara mini ciwon abin. Ƙauye ya yi tsit, kowa na leƙe ta zana. Yaran nan biyu suka ƙanƙame juna, sai da na ɓamɓare yatsun 'yata ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ɗauki ƙunshin kayan matar ya ɗora a kansa, dattijo mai farin gemu da kayan mace a ka, ya taka har bakin lori. Ita kuwa ta koma da gudu, ta cika gwangwanin madarar nan a randa, ta juye wa tsiron, sannan ta dawo ta miƙa masa gwangwanin da hannu biyu.

Ta ce, "Amana, ya abuy," wato ya babana.

Ya ce, "Na karɓa."

Daga ranar Baba ya daina cin abincin gidanmu. In na aika akushi sai ya dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Gwaggo ke ba shi ɗan abin da ta samu. Da ɗansa yake fushi, amma ni ke tuƙawa, ni ake mayar wa. Na jure har na gaji. Ran nan na ɗauki akushin da kaina, na ajiye kunyar shekara da shekaru a madafa, na je na durƙusa na ce, "Baba, ni ban je Sinja ba. Tuwon ga nawa ne, hannuna ya tuƙa shi." Na faɗa ina kuka, kuma da ɗan tsiwa, ba zan ɓoye ba. Ya jawo akushin ya wanke hannu. Da ya ci ya ce miyar ta yi gishiri. Wannan ce maganar farko da ya taɓa yi mini baki da baki, kuma na yi murna da ita kamar an ba ni kyauta.

Sai ga mutumin da bai taɓa dasa komai ba ya zama bawan tsiro. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Safe da yamma yana hanyar tur'a da gwangwanin madara, ga bokiti a gida amma ya ce da wannan aka ba shi. Lokacin rani in an rufe ruwa sai ya gangara inda ya taru ya ɗiba, gafir ya biyo shi yana faɗa, wai ruwan hukuma ne na auduga. Baba ya ce masa tun kafin a haifi hukuma yake ɗaukar dutsen madatsar da ta tare ruwan. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, har ya zama in Baba bai fito ba gafir yakan zo ya leƙa ko lafiya. Abokansa kuwa suka samu abin tsokana, in ya wuce su ce matafiyi ya sauke kaya, ashe an iso. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ba ni na dasa ba. Ajiya ce."

Lemu ya girma ya fara 'ya'ya. Inuwarsa ba ta da yawa, amma dattawan nan da suka tare shi a ƙofar masallaci su ne suka fi kowa matsuwa a cikinta da azahar. Bai taɓa yi musu gori ba, ni ce dai nake yi a zuciyata. Mai mura ko mai jego in ta aiko yakan tsinka ya bayar, ya ce a yi wa mai shi addu'a. Shi kansa ban taɓa ganin ya matsa ko ɗaya a kununsa ba. Duk direban lori ko ɗan kasuwar da ya fito daga gabas sai ya tare shi da tambaya, ko ya ga wata mace mai zane a goshi da 'yarta mai jin Hausa. Su yi dariya su ce masu zane a goshi ai sun fi a ƙirga. Wani ya ce an tashi sansanin an mayar wani wuri, wani ya ce wasu sun koma ƙasarsu, wasu cuta ta kwashe su. Ba mu taɓa samun labari mai kama hannu ba.

Jinsiyyar ma ba ta zo a lokacin ba. Shehun ya sake samun wani dalilin, sai bayan shekaru ta fito ta wata hanyar. Maigidana ya sami hawasha, ya sayi jan bulo, ya sayo azara masu kyau daga Sinja ya jingine a bayan gida. Da magini ya ja igiya sai ta bi ta tsakiyar lemun, don filin da aka yanka mana ƙarami ne. Baba ya dubi igiyar ya ce, "Ku jira ni." Maigidana ya naɗe igiya ya sallami magini. Tsakaninsu ba a sake ambaton matar ba ko sau ɗaya. Suna gaisawa, suna salla sahu ɗaya, amma na lura maigidana bai taɓa zama a inuwar nan ba. In zai wuce ma kewayawa yake yi.

A ciwonsa na ƙarshe Baba ya daina cewa baɗi. Gwaggo ta yi masa maganar Makka don ta faranta masa, ya ce wannan Allah Ya san niyyarsa, ba ya jin tsoron tambaya a kanta. Abin da aka danƙa masa a hannu shi ne yake tunani. Da safen da zai rasu na kai masa kunu, bai iya sha ba. Ya buɗe ido ya ce, "Ɗiyata, an ba shi ruwa?" Na ce an ba shi. Ya ce madalla.

To, shi ya sa na zauna a kan gatari.

Da yara suka gaji da nema sai ga maigidana da kansa ya shigo cikin mata, abin da bai taɓa yi ba. Idanunsa sun yi ja. Ya dubi madafa, ya dube ni, ya dubi yadda tabarmar ta yi tudu. Shekarun da muka yi tare ba na banza ba ne. Ya ce in tashi. Na ce ba zan tashi ba, a gaban Gwaggo da kowa, in ya ga dama ya haɗa ni da gatarin ya ɗauka. Mata suka sunkuyar da kai. Ya rage murya ya ce, "Tashi, don Allah. Na san abin da nika yi."

Na tashi na bi shi har bakin zana. Maza sun riga sun kewaye lemun, wani har ya kama reshe yana gwada inda za a fara. Maigidana ya nufo su da gatari a hannu, suka buɗe masa hanya. Ya wuce su. Ya zagaya bayan gida inda azarorinsa ke jingine, ya kwantar da ta farko ya fara sara. Wani dattijo ya ce masa haba, wannan ai rufin gidanka ne, ga itace nan tsaye wanda dama za a cire. Bai ɗago ba. Ya ce, "Wancan ba namu ba ne. Ajiya ce."

Da azarorin Sinja aka rufe kabarin Baba. Tsohon gafir ya ɗauki guda biyu a kafaɗa, ya hana kowa ya karɓar masa.

Bayan an tashi zaman makoki ni da Gwaggo muka shiga bukka mu kwashe kaya. Ba wani abin kwashewa, sanda ce da buzu da carbi. A ƙarƙashin gado muka tarar da tulu an rufe bakinsa da tsumma. Muka buɗe, cike yake da busasshen lemun tsami, wasu sun yi baƙi ƙirin don daɗewa, wasu na bara ne. Ashe duk shekara yana ware mata nata. Gwaggo, wadda da hannunta ta ware wa matar nan moɗa, ta zauna daɓas a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar mutuwar. Da ta share ido ta ce in mayar da tsumman in ɗaure yadda yake.

An yi ginin daga baya, ɗaki ɗaya ya fita a karkace don a kauce wa bishiyar, duk wanda ya zo sai ya tambayi wane magini ne ya yi mana wannan aika-aika. Gwangwanin madarar ya yi tsatsa ya huje, maigidana ya liƙe shi da kwalta, da shi yake zuwa tur'a safe da yamma. Har yanzu ba ya zama a inuwar.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya karɓi niyyarsa, Ya sauke shi masaukin da ba a tashin kowa. Ina kewarsa ƙwarai, har saƙon nan nasa na an yi baƙi nake kewa. Matar kuwa ba ta dawo ba, ba mu san ko tana raye ba. 'Yarta in tana nan yanzu ta zama uwa, wataƙila da sauran Hausa a bakinta. Duk wanda wannan rubutu ya kai gare shi, in ya san su, ya gaya musu lemun yana nan a ƙofar bukka, bana ma ya yi 'ya'ya, kuma an cire musu nasu an ajiye.